Wanda ya gaji da giya, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Fashin baƙi kan zaman taimakon juna

Tun watan Fabrairun 2024 da hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a 'yan ƙananan ledoji da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba ake ta kai-kawo a kan maganar. Masu kamfanoni sun ce za a raba dubban mutane da abincinsu, hukumar ta ce tun 2018 aka yi yarjejeniya aka ba su shekara biyar su kimtsa, 'yan majalisa suka shiga tsakani. A Kano kuwa mun saba ganin hoton katafila tana murƙushe kwalaben giyar da Hisba ta kama. Duk wannan magana ce a kan leda da kwalba. Shi mutumin da ke shanye abin da ke ciki fa? Idan ya wayi gari ya ce ya gaji, yana son ya bari, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

A ƙasashe da dama amsar da za a fara ba shi ita ce ya nemi taron masu fama da irin matsalarsa. A nan gida mutane da yawa ba su taɓa jin labarin irin wannan taro ba. Waɗanda suka ji kuma sukan ɗauke shi ko dai wata ƙungiyar coci, ko wurin tona asirin kai, ko gidan mari da aka sauya wa suna.

Mene ne wannan zama?

Mutane ne da giya ta taɓa ɗaurewa, wani ya shekara goma rabonsa da ita, wani jiya-jiya ya ajiye kofi, suke haɗuwa a wuri ɗaya a rana da lokaci sananne, galibi na awa guda, kowa ya faɗi halin da yake ciki. Babu likita a kujerar shugabanci, babu mai wa'azi. Wanda ke jan zaman shi ma mashayi ne da ya bari, kuma kujerar zagayawa take yi. Ba a katse mai magana, ba a yi masa faɗa. Wanda zai karɓa bayansa labarin kansa zai bayar. Wanda bai shirya buɗe baki ba ya zauna ya saurara har a tashi, ba mai matsa masa.

Ba a rubuta sunan kowa a rajista, sunan yanka kaɗai ake faɗa, wani ma laƙabi yake bayarwa. Ba kuɗin shiga. Akan zagaya da kwando ko gwangwani, mai hali ya jefa abin da ya samu don hayar ɗaki da shayi. Zaman iri biyu ne: akwai na buɗe, wanda iyali ko ma'aikacin lafiya zai iya halarta ya ga yadda ake yi, akwai kuma na rufe, wanda sai mai neman barin giya ke shiga. Sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama jagoransa, wanda zai iya kira ko da tsakar dare idan jarabar ta taso.

Asibiti aikinsa daban: gwaji, magani, kwantarwa idan ta kama. Gidan mari kuwa mun ga abin da ke cikin wasunsu a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, sannan aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su dosa ne. Babban abin da ya raba zaman taimakon juna da waɗancan gidaje shi ne ƙofarsa a buɗe take. Da ƙafarka ka zo, da ƙafarka za ka fita.

Daga ina abin ya faro?

A 1935 wani dillalin hannun jari ɗan Amurka mai suna Bill Wilson ya je garin Akron na jihar Ohio neman wata harka, harkar ta watse. Watanninsa kaɗan da barin giya, ga shi shi kaɗai a otal, ga mashaya a gefe guda ana ta shewa. Sai ya ɗauki waya ya riƙa kiran mutane yana tambaya ko akwai wani mashayi a garin da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Abin lura a labarin shi ne Wilson bai je don ya ceci likitan ba. Ya gaya masa cewa shi ne ke buƙatar maganar don kada ya koma ruwa. Ranar 10 ga Yunin 1935, wadda ake ɗauka a matsayin ranar da likitan ya yi shan ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA.

A 1939 suka fitar da littafin da ke ɗauke da matakansu goma sha biyu. Yau ana ƙiyasta mambobinsu sun kai kimanin miliyan biyu a ƙasashe wajen 180. Daga jikinta aka samu Al-Anon a 1951 don iyalan mashaya, da Narcotics Anonymous a 1953 don masu shan ƙwayoyi.

Matakan nan a dunƙule su ne: mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya faɗa wa mutum ɗaya amintacce gaskiyar abin da ya aikata, ya bi waɗanda ya cuta ya biya su haƙƙinsu matuƙar hakan ba zai ƙara cutar da su ba, ya riƙe addu'a, ya miƙa wa na bayansa hannu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji sharuɗɗan tuba, wato nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙi, ba zai ji baƙuntar yawancin wannan ba.

Me ya sa niyya kaɗai ba ta cika isa ba?

Mukan ce wanda ya rantse ya bari sannan ya koma tuban muzuru ya yi. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma rantsuwar har zuci take, jikin ne ya riga ya saba. Wanda ya daɗe yana sha kullum ƙwaƙwalwarsa takan daidaita kanta da giyar, har sai ya ƙara yawanta kafin ya ji abin da yake ji a da, hannunsa ya riƙa rawa da safe sai ya kurɓa ya tsaya, ya ga hantarsa da aurensa da kasuwancinsa suna lalacewa amma ya kasa tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan a cikin cututtuka. Rahoton da ta fitar a 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma mutum miliyan 209 ne ta kama har suka dogara da ita.

A Arewa akwai ƙarin nauyi guda, shi ne ɓoyo. A garuruwan da ake dafa burkutu a fili, ko a Jos inda giyar goskolo ta addabi matasa, kowa ya san mai sha. Amma Bahaushe Musulmi da ya faɗa wannan rami shi kaɗai yake ciki. A wata unguwa yake sha, ko cikin mota, ko ya juye a robar lemo, ya bi da goro da turare kafin ya shiga gida. 'Yar leda ta ƙara sauƙaƙa masa, tunda aljihu ma ya ishe ta. Ga tsoron bulala tamanin da mazhabar Malikiyya ta tanada, wadda ke cikin dokokin jihohin da suka dawo da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 2000. Ga tsoron a ce ba za a auri 'yarsa ba. Irin wannan mutum ba ya zuwa asibiti sai ciki ya kumbura ko idanu sun yi ɗorawa. Ko a alƙaluma ba a cika ganinsa ba: wani bincike na 2018 da ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi bai sa giya a cikin adadin ba.

Nan ne amfanin zaman yake. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana ƙarya ga matarsa da mahaifiyarsa da abokan sahunsa na masallaci ya samu ɗaki ɗaya a duniya da zai faɗi gaskiya ba wanda zai zaro ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk dabarar yaudarar kai da zai kawo, na kusa da shi ya riga ya yi ta.

Gargaɗi kafin a fara neman taro

Wanda ya saba sha da yawa kullum, kada ya yanke farat ɗaya a gida ba tare da ganin likita ba. Wannan magana ce ta rai da mutuwa. Alamun rabuwa da giya sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: rawar jiki, gumi, amai, faɗuwar gaba, rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko. Mafi muni yakan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, mutum ya rikice, ya riƙa gane-gane da jiye-jiye, jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa gudu. A gidajenmu idan aka ga haka aljanu ake fara kawowa a rai, a kira mai ruƙiyya, a kwana ana tofi, alhali asibiti na da maganin da ke kwantar da wannan, da allurar sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. A yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa likita ainihin yawan abin da ake sha.

Yana aiki kuwa?

Shekaru da yawa likitoci suna shakkar AA. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000. Ta gano cewa idan ma'aikacin lafiya ya bi tsari ya haɗa majinyaci da irin wannan taro, kimanin kashi 42 cikin ɗari suna nan ba su sha ba bayan shekara guda, idan aka kwatanta da kashi 35 na waɗanda aka yi wa wasu hanyoyin ba da shawara da likitoci suka amince da su.

A karanta adadin da kyau. Fiye da rabi sun sake sha. Yawancin binciken a Amurka aka yi. Mutane da yawa sukan je sau ɗaya ko biyu su daina. Sannan nasarar ta fi fitowa inda asibiti da taron suka yi aiki tare. Akwai magunguna irin su naltrexone da acamprosate da ke rage kwaɗayin giya, kuma duk ɗan taron da ya ce maka ka jefar da maganin da likita ya rubuta, ya wuce gona da iri, ita kanta AA ta ce mambobinta ba likitoci ba ne.

Ƙorafin da ake yi a nan gida

Na farko shi ne wanda na fi ɗauka da nauyi. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya yi kashedi ga masu bayyana saɓonsu, wanda Allah ya rufa wa asiri da dare ya wayi gari yana ba da labari. To mutum ya tashi a gaban jama'a ya ce shi mashayi ne, bai faɗa ciki ba? A fahimtata akwai tazara tsakanin mai tallar saɓo da mai neman mafita. Sahabin da ya afka wa iyalinsa da rana a Ramadan ya zo da kansa yana cewa ya halaka, aka nuna masa hanya. Ba wanda ke cewa majinyaci ya tona asirin kansa don ya buɗe wa likita ciwonsa. Duk da haka, mai wannan damuwa ya kai ta ga malamin da ya yarda da shi, kuma ya sani ba a tilasta wa kowa zayyana abin da ya aikata. Ya isa ya ce yau kwanansa tara, kuma daren jiya ya yi masa wuya.

Ina kuma so masu saurin tsinuwa su tuna da mutumin nan da aka riƙa kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai aka hana, aka shaide shi da son Allah da Manzonsa. Haramcin giyar ma daki-daki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Nana A'isha ta ce da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba.

Na biyu shi ne asalin ƙungiyar. Gaskiya ne waɗanda suka kafa ta sun fito ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, kuma a ƙasashe da yawa ɗakin coci ake haya saboda arha. Wasu tarukan da addu'ar Kirista suke rufewa. A rubuce dai AA ta ce ba ta jingina da kowane addini ba. Ga Kiristocin Arewa wannan ba matsala ba ce. Musulmin da zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da misalai a gabansa: a 1989 Musulmin birnin Baltimore na Amurka suka kafa Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna, kuma Iran na cikin ƙasashen da tarukan Narcotics Anonymous suka fi yawa a duniya. Akwai kuma SMART Recovery da aka kafa a 1994, wadda ba ta kawo maganar addini sam, dabarun sarrafa tunani da ɗabi'a take koyarwa.

Na uku na iyaye ne: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, yaya za a tara mashaya wuri ɗaya? Amsar ita ce yaron nan yana da majalisarsa tun da daɗewa, kuma ita ce ke kiran sa da magariba. Idan aka raba shi da ita ba a ba shi wata ba, can zai koma.

To ina ake samun sa?

Gaskiyar magana tarukan AA a Najeriya kaɗan ne, sun fi samuwa a manyan birane irin Legas da Abuja, kuma da Turanci ake yi. Ba sa kafa allo a bakin titi, don haka ko yana kusa da kai ba lallai ka sani ba.

Ƙofar da ta fi tabbas a Arewa ita ce sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jos. Na san sunan waɗannan wurare kaɗai yana korar mutane, don an maƙala musu kalmar hauka. Amma can ne likitocin da suka karanci jarabar shaye-shaye suke, kuma aikinsu ya ɗora musu riƙe sirrin majinyaci. Idan ka je, bayan likita ka nemi ganin jami'in walwala ko mai ba da shawara, ka tambaye shi kai-tsaye ko akwai zaman rukuni na waɗanda aka sallama, ko ya san wani da ya bari wanda zai yarda ku yi magana. Su suka san waɗanda ke haɗuwa a ɓoye.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, da ta buɗe a 2022. Ƙwayoyi ne asalin aikinta, amma wasu matasan da ke sha haɗawa suke yi da wiwi ko tiramol, kuma jami'an za su iya nuna inda za a dosa.

Sai intanet. Shafin AA na duniya yana da wurin neman ofishin ƙasa ko yanki, kuma tun lokacin korona a 2020 dubban taruka suka koma Zoom, ana yin su dare da rana da Turanci da Faransanci da Larabci. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗan Maraɗi ko Damagaram mai jin Faransanci, da Bahaushen Sudan mai jin Larabci. A Zoom kana iya sauya sunanka ka rufe kyamara. Zauren WhatsApp kuwa yana nuna lambarka ga kowa da ke ciki, a yi hattara da shi.

Duk inda aka nuna maka, ka duba abubuwa kaɗan. Idan an nemi kuɗin rajista, ko ana tallar wani garin magani na barin giya cikin kwana uku, ko ana ɗaukar hoto don nuna wa masu ba da tallafi, ko shugaba ɗaya ne da ba a sauya shi kuma ba a musa masa, ka kama gabanka. Ka sani kuma sirrin taro amana ce kawai tsakanin mutane, babu dokar da ta ɗaure bakin ɗan taro kamar yadda ta ɗaure na likita. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, tsofaffin 'yan taro sukan ce a gwada kamar sau shida.

Mata da iyali

Macen da ke sha a ƙasar Hausa ɓoyonta ya ninka na namiji, kuma fita da yamma zuwa wani taro da ba za ta iya faɗin sunansa ba abu ne mai wuya. Tarukan mata zalla na intanet sun fi dacewa da ita, jagorarta kuma ta zama mace. An sha samun mazan da ke fakewa da taimako suna farautar sababbin zuwa, shi ya sa wannan ƙa'ida ta daɗe a tarukan.

Matar mashayi ita ma tana buƙatar wurin magana. Ita ke ɓoye kwalba, ita ke yi wa yara ƙaryar Baba ba shi da lafiya, ita ke cin bashin cefane. Abin da Al-Anon ke koya wa irinta shi ne ba ita ta jawo ba, kuma ba ita za ta warkar ba. Roƙona ga mata da iyaye: kada a zuba wa mutum maganin barin giya a abinci a ɓoye. Akwai maganin da idan ya haɗu da giya a jiki yake jawo amai da faɗuwar jini har ya taɓa zuciya. Inda kuma shan ya zo da duka, tsira da rai da yara ke gaba da komai.

Idan babu a garinku fa?

Ƙa'idar AA ta ce mashaya biyu ko uku da suka haɗu don neman bari sun isa su kira kansu rukuni. Abin da ake buƙata ɗaki ne da shigarsa ba za ta ja ido ba, kamar aji a makaranta bayan an tashi ko wani ofis a asibiti, da rana ɗaya tsayayya a mako, da wanda zai riƙe makulli ya zo ko da ba wanda ya zo. Ya kamata aƙalla mutum ɗaya ya ɗan jima da bari, kuma a san likitan da za a kira idan sabon zuwa ya fara rawar jiki. Ofishin AA yana taimaka wa sababbin rukunoni da littattafai, yana kuma da tsarin wasiƙa na waɗanda ke zaune inda babu taro. Da Hausa za a yi zaman, a buɗe da addu'ar da mahalarta suka yarda da ita.

Wilson da Smith ma da suka tashi neman mutum na uku a Akron asibitin garin suka kira, suka tambayi wata ma'aikaciyar jinya ko akwai mashayi a kwance. Ta ce akwai wani lauya da aka sha kwantarwa. Suka je suka zauna a bakin gadonsa, kowa ya ba shi labarin kansa. Sai da suka shekara huɗu kafin adadinsu ya kai kimanin mutum ɗari.